Lafkenche da Bala'o'in Teku

Lafkenche reshe ne na ƙabilar Mapuche da ke zaune a gaɓar tekun Fasifik a kudancin Chile, daga lardin Arauco zuwa Tirúa, tafkin Budi, Toltén da Mehuín. Masunta ne kuma manoma, suna tattara ciyawar teku mai suna cochayuyo su busar su kai kasuwa. A wurinsu ƙasa ba ta tsaya a bakin ruwa ba. Teku ma yankinsu ne.

Tarihi

Sojojin Chile sun mamaye Araucanía, yankin Mapuche, tsakanin 1861 da 1883, aka tattara al'ummomin a ƙananan filaye da gwamnati ta yanka musu. Da bala'i ya zo, babu sauran filin da za a ja da baya a kai.

Ranar 22 ga Mayu 1960 aka yi girgizar ƙasar Valdivia mai ƙarfin maki 9.5, mafi ƙarfi da aka taɓa aunawa a duniya. Igiyar tsunami, wato ambaliyar teku da girgizar ta haddasa, ta share garuruwan Puerto Saavedra da Toltén, har sai da aka sake gina Toltén a wani wuri. Ƙasa ta nitse a gefen tafkin Budi, gonakin fadama suka koma ƙarƙashin ruwa. Mutane da dama sun tsira ne saboda sun ruga kan tuddai, abin da labarin kakanninsu ya koya musu: macijin teku Kaikai ya taso da ruwa, macijin ƙasa Trentren ya ɗaga duwatsu don mutane su fake. Har yau akwai tuddan da ke ɗauke da sunan Trentren, kuma ana girmama su.

Girgizar 27 ga Fabrairu 2010, mai maki 8.8, ta sake kawo tsunami Tirúa da tsibirin Mocha.

Dokar Lafkenche

Dokar kamun kifi ta 1991 ba ta kula da haƙƙin gado na 'yan asalin gaɓar ba. Ƙungiyar Identidad Territorial Lafkenche ta yi shekaru tana fafutuka, tare da Adolfo Millabur wanda ya zama magajin garin Tirúa a 1996. A 2008 aka fitar da doka mai lamba 20.249, wadda ta ba al'ummomi damar neman a damƙa musu kula da yankunan teku da suka saba amfani da su. Kamfanonin kiwon kifin salmon suna sukar dokar. Al'ummomin kuwa suna kukan jinkirin amincewa da buƙatunsu.