Jihohin Amurka da ba sa cire haraji a albashi: daga ina suke samun kuɗi?

A Najeriya, harajin da ake cirewa daga albashi na shiga asusun jihar da ma'aikaci yake zaune, amma dokar da ta ƙayyade adadinsa ta tarayya ce, don haka ma'aikacin Kano da na Legas ma'auni ɗaya ake yi musu. A Amurka ba haka abin yake ba. Kowace jiha ita ke yanke wa kanta ko za ta karɓi harajin kuɗin shiga, da kuma nawa za ta karɓa. Kalifoniya na karɓar har kashi 13.3 cikin ɗari daga manyan masu samu. Jihohi tara kuwa ko sisi na wannan haraji ba sa cirewa a albashi: Alaska, Fulorida, Nevada, New Hampshire, Dakota ta Kudu, Tennessee, Teksas, Washinton da Wyoming. Teksas ma a 2019 ta sa haramcin wannan haraji cikin kundin tsarin mulkinta, bayan jama'a sun kaɗa ƙuri'a.

Abu na farko da ya kamata a gane shi ne harajin gwamnatin tarayya yana nan daram ko'ina mutum ya zauna. Yana farawa daga kashi 10 ya kai kashi 37, gwargwadon samu, ga kuma kashi 7.65 da ake cirewa na fansho da kula da lafiyar tsofaffi. Kason jiha kaɗai ake ragewa, kuma ga yawancin ma'aikata shi ne ƙarami.

To jihar da ba ta taɓa albashi, da me take biyan malamai da 'yan sanda da gyaran hanya? Wasu Allah ya hore musu abin dogaro. Alaska ta soke harajin a 1980 saboda kuɗin man fetur, har ma tun 1982 take raba wa mazaunanta wani kaso kowace shekara daga asusun da ta tara. Wyoming na da kwal da mai da iskar gas. Nevada na tatsar gidajen caca na Las Vegas, Fulorida kuma na amfana da masu yawon buɗe ido da ke biyan haraji a otal da kantuna. Sauran, daga aljihun mazauna suke karɓa ta wata ƙofar.

Ƙofa ta farko harajin saye ne. A Teksas jiha na ɗora kashi 6.25 kan kaya, birane su ƙara nasu har ya kai 8.25. A Tennessee yakan kai 9.75, kuma hatta kayan abinci ba su tsira ba, sai dai nasu ya fi sauƙi. Ƙofa ta biyu harajin gida ne, wanda Teksas da New Hampshire suke cikin masu tsadarsa, domin da shi ake riƙe makarantun gwamnati. A ƙaddara gidan dala 300,000 ne a unguwar da ake karɓar kashi 2: dala 6,000 ke nan duk shekara, ko kana da aiki ko an sallame ka. Ɗan haya ma kada ya ɗauka ya kuɓuta, don mai gida a cikin kuɗin haya yake fanshewa.

Nan ne abin yake damuna. Harajin albashi yana duba ƙarfin mutum, wanda ya samu da yawa ya biya da yawa. Harajin saye babu ruwansa da wannan. Direban tasi da yake kashe duk abin da ya samu kafin wata ya ƙare, kaso mai tsoka na samunsa yake tafiya a haraji, alhali likitan da yake ajiye rabin albashinsa bai biya komai a kan abin da ya ajiye ba. Shi ya sa attajiri da ya bar Kalifoniya ya koma Fulorida yake ganin riba a fili, ƙaramin ma'aikaci kuwa sau da yawa an gudu ne ba a tsira ba.

Akwai kuma abin da jiha take yi wa mutum. Teksas da Fulorida da Tennessee da Wyoming ba su faɗaɗa Medicaid ba, wato tallafin lafiya na masu ƙaramin ƙarfi. Mafi ƙarancin albashi a Teksas har yanzu dala 7.25 ne a awa, kamar yadda tarayya ta sa tun 2009. Amma kada a yi musu kuɗin goro: Washinton ba ta karɓar harajin albashi, ta faɗaɗa Medicaid, kuma mafi ƙarancin albashinta ya haura dala 16. A Fulorida inshorar gida kaɗai, saboda guguwa, na iya cinye abin da aka rage.

Sai batun wa doka take ɗauka a matsayin mazauni, wanda mutane da yawa suke tuntuɓe a kai. Wanda yake zaune a Vancouver ta jihar Washinton yana ƙetare kogin Columbia zuwa aiki a Portland ta jihar Oregon, sai ya biya Oregon haraji, domin a can ya samo kuɗin. Jihar Niyok kuma, idan kana da wurin zama na dindindin a cikinta kuma ka yi fiye da kwana 183 a shekara, a wurinta kai mazauni ne, ko da lasisin tuƙinka na Fulorida ne. Takan ma bi mai aiki daga gida a wata jiha da haraji, muddin ofishinsa a Niyok yake kuma don jin daɗin kansa ya zaɓi zama nesa.