Katangar Balin Ba Ta Raba Jamus Gida Biyu Ba

Ɗalibai da yawa kan shiga ajin tarihin Jamus da tunanin cewa Katangar Balin ce ta ratsa ƙasar tun daga arewa har kudu, ta raba Gabas da Yamma. Wannan kuskure ne da ya daɗe a bakin mutane, kuma taswira ce maganinsa.

Idan malami ya ɗora yatsa a kan birnin Balin, ɗalibi zai ga cewa birnin yana can cikin Jamus ta Gabas, nesa da iyakar ƙasashen biyu. Katangar da aka fara ginawa ranar 13 ga Agustan 1961 kewaye Balin ta Yamma ta yi, tsawonta kusan kilomita 155, ta mai da yankin kamar tsibiri, domin a toshe ƙofar da miliyoyin mutanen Gabas suka bi suka tsere. Iyakar ƙasashen kuwa daban take, ta kusa kilomita 1,400, da wayoyi masu ƙaya da nakiyoyi.

A ganina, wanda bai gane wannan ba zai sha wuyar fahimtar murnar daren 9 ga Nuwamban 1989, lokacin da aka buɗe ƙofofin katangar.