Lemo a tukunya: yawan ruwa ne ke kashe shi ko ƙishi?

Bayan kwana nawa zan riƙa ba shi ruwa?

Ba a ƙirga wannan da kwanaki. Tukunyar da ke bushewa cikin kwana biyu lokacin zafi tana iya wuce mako da danshinta idan sanyi ya shigo. Ka cusa yatsa cikin ƙasar kamar santimita 5. Idan ka ji sanyi-sanyi, ƙasa ta manne wa yatsan, ƙyale ta. Idan ya fito a bushe, zuba ruwa a hankali har sai ya ɓullo ta hudojin gindi, sannan ka zubar da wanda ya taru a faranti. Ni dai na fi yarda da ɗaga tukunyar. Da zarar hannu ya saba da nauyinta a jiƙe da a bushe, ba ya yi maka ƙarya.

Ganye ya yi yaushi, ga ƙasa sharkaf. Me ke faruwa?

A nan ne akasarin mutane ke ƙarasa bishiyarsu, domin da sun ga yaushi sai su ƙara ruwa. Saiwa numfashi take yi. Idan ruwa ya cike duk 'yan kafofin da iska ke zama a cikin ƙasa, ƙananan saiwoyin da ke shan ruwa su ne ke fara mutuwa, sai bishiya ta ji ƙishi alhali tana tsaye cikin caɓi. A irin wannan laimar ce kuma ƙwayar cutar Phytophthora, mai ruɓar da saiwa, ke samun yadda take so.

Zaro bishiyar daga tukunya ka duba. Lafiyayyar saiwa fara ce ko mai ɗan hasken ruwan ƙasa, kuma da ƙwarinta. Ruɓaɓɓiya baƙi-baƙi ce, tana wari, idan ka ja ta da yatsu biyu sai fatar ta saɓule ta bar wani siririn zare. Yanke duk irin waɗannan da almakashi mai tsabta, ka sake mata sabuwar ƙasa, ka ɗan rage rassa. Taki kuwa ya jira har sai ta fara toho.

Zuba tsakuwa a gindin tukunya yana taimakawa?

A'a, ko da yake an daɗe ana yi. Ruwa ba ya saurin barin ƙasa mai laushi ya gangara cikin tsakuwa, sai ya tsaya a samanta. Ka ga an matso da laimar kusa da saiwa ke nan. Hudoji masu kyau sun wadatar.

To wace irin ƙasa ta dace?

Ba ta gona ba, domin dunƙulewa take yi a tukunya. Haɗin da masu lemon tukunya suka sani da 5-1-1 shi ne kashi 5 na gutsattsarin ɓawon itace, kashi 1 na abin riƙe danshi kamar zaren kwakwa, da kashi 1 na falayit, wato farin dutsen nan maras nauyi. Yana saurin bushewa, don haka yana son mai lura. Bayan shekara 2 zuwa 3 ɓawon kan ruɓe ya koma gari, sai a canza. Wajen dashe, gaɓar da aka yi wa lemon aure ta zauna sama da ƙasa.

Ina zuba ruwa yake zubewa ta gindi, amma ciki ƙamas. Ya zan yi?

Ƙasar ce ta bushe har ta janye daga jikin tukunya, ruwa na bin gefe. Tsoma tukunyar cikin bahon ruwa na tsawon rabin awa, sannan ka bar ta ta tsane.

Babbar tukunya ba ta fi ba?

Ga ƙaramar bishiya, a'a. Ƙasar da saiwa ba ta kai gare ta ba daɗewa take yi a jiƙe. Ƙarin faɗin santimita 5 a kan tsohuwar ya isa. Ta yumɓu tana saurin bushewa fiye da ta roba, baƙar roba kuma idan rana ta dake ta tana gasa saiwoyin da ke jikinta, sai a yi wa gefen inuwa.