"Sun rage min gudun intanet": amsoshin tambayoyin da ake ta maimaita min

Sana'ata haɗa wa mutane rauta da wifi a gidaje da shaguna. Waɗannan tambayoyin na amsa su a waya, na amsa da baki, har na ƙosa. Ga su nan a rubuce, duk wanda ya sake tambaya nan zan turo shi.

Da gaske kamfani na iya rage min gudu da gangan?

Yana iyawa, yana kuma yi. Na'ura ce ke ƙirga kowane giga da ya bi ta layinka, kana kaiwa adadin da aka sa mata sai ta sauke ka. Babu wani ma'aikaci da ke zaune yana jin haushinka.

Amma ai ce min aka yi tsarin ba shi da iyaka.

Ka karanta sharuɗɗan? Ba ka karanta ba, na sani. Alkawarin da suka yi shi ne ba za su yanke ka ba, ba su ce gudun zai dawwama ba. Galibi adadin gigan na nan a rubuce da ƙananan baƙaƙe. Inda kake da gaskiya shi ne idan an ɓoye maka. A Amurka, hukumar kare masu saye ta FTC ta maka kamfanin AT&T a kotu a 2014 kan rage wa masu irin wannan tsarin gudu ba tare da cikakken bayani ba, a 2019 kamfanin ya amince ya biya dala miliyan 60. Rashin bayanin ne ya ja masa.

Na sayi mega 10 amma idan ina sauke abu ɗaya da ɗigo nake gani. Cuta ce?

A'a. Kamfani da megabit yake sayarwa, wayarka da megabait take nunawa. Raba da 8. Mega 10 zai ba ka 1.25 a daƙiƙa. Lafiya lau layinka yake, je ka kwanta.

VPN zai magance min?

Idan adadin giganka ne ya cika, ko kusa ba zai magance ba. VPN na ɓoye abin da kake yi ne, ba ya ɓoye yawan abin da ka sha. Sai dai in bidiyo kaɗai ake maƙurewa, nan kam wani lokaci yakan taimaka.

Ina sayar da wifi a unguwa da tikiti. Kwanan nan layin ya koma tafiyar hawainiya, masu saye suna ta ƙorafi. Kamfani ne ya gano ni ya rage min? Me zan yi?

To, wannan ita ce tambaya. Amsar kuwa ta danganta, ka yi haƙuri da tsawonta.

Wane irin layi ka saya tukuna? Yawancin masu zuwa min da wannan kukan tsarin gida suka biya, suka kafa eriya a kan rufin shago, suka tara mutum hamsin a kai. Malam, kuɗin famfon gida ka biya, ka kuma kira 'yan garuwa su yi layi da kurarsu. Ranar da mai burtsatsen ya rage maka ruwa, wa za ka kai wa ƙara? Yawancin yarjejeniyoyin tsarin gida sun hana sake sayarwa. Starlink, kamfanin intanet na tauraron ɗan'adam da ya fara aiki a Najeriya a Janairun 2023, ya rubuta a sharuɗɗansa cewa ba a sayar da sabis ɗinsa ga wasu sai da izininsa. Sayar wa jama'a intanet kuma, a ƙarƙashin dokar sadarwa ta 2003, abu ne mai buƙatar lasisin hukumar sadarwa ta NCC. Ban ce gobe za a zo a kwashe maka kaya ba, mutane da yawa na yi suna cin abinci. Amma ka san a kan me kake tsaye kafin ka ɗaga murya.

Sannan kada ka yi saurin ɗora wa kamfani laifi. Sau tari matsalar tana cikin shagonka. Lissafi ne mai sauƙi: mega 100 a raba wa mutum 50, kowa 2. In kuwa ba ka sa wa kowane tikiti iyakar gudu a rautarka ta MikroTik ba, yaro ɗaya da ya zauna a benci da kwamfuta yana sauke finafinai ya isa ya danne sauran 49. Bidiyo mai kyawun hoto kan ci har giga 3 a awa guda. Ga rautar da aka ajiye ƙarƙashin kwano a watan Afrilu, ka taɓa ta kamar dutsen guga. Ka sa iyakar. E, na sani, kai ma ka zama mai maƙure mutane ke nan. Babu mai raba layi ɗaya ga jama'a da zai tsira daga yin haka. Abin da ya rage maka shi ne ka rubuta a jikin tikitin, kowa ya san abin da ya saya.

In kana son gwaji, cire kowa, ka jona kwamfuta da rauta ta igiya, ba ta iska ba. Auna da shafukan gwajin gudu na Speedtest da kuma fast.com, da asuba da kuma bayan isha'i, ka yi ta yi tsawon mako kana rubutawa. In lambar ta tsaya cak wuri ɗaya dare da rana, alamar iyaka aka sa maka. In tana gudu da asuba tana faɗuwa da dare, cunkoso ne. In Speedtest na nuna da yawa, fast.com na nuna kaɗan kullum, wataƙila bidiyo ake dannewa, tunda fast.com daga na'urorin Netflix yake aunawa. Na ce wataƙila, don akwai kamfanonin da ba sa kafa maka lamba, sai dai su mayar da kai bayan layi lokacin da mutane suka yi yawa. Wannan a gwaji kamar cunkoso yake fitowa, da wuya ka iya rantsewa a kai.

Ko da kuwa kai ɗan sari ne na gaske mai takardu, kada ka saki jiki. A Kanada, a Maris ɗin 2008, kamfanin Bell ya fara rage gudun manhajojin musayar fayil irin BitTorrent a layukan da ƙananan kamfanoni irin TekSavvy ke saya a hannunsa su sayar, daga 4:30 na yamma zuwa 2 na dare. Ƙungiyar ƙananan kamfanonin ta kai ƙara hukumar sadarwar ƙasar, CRTC. A Nuwamban shekarar hukumar ta yi watsi da ƙarar, ganin Bell na yi wa nasa abokan cinikin haka shi ma. Abin da suka samu a 2009 shi ne ƙa'idar sanarwa: kwana 60 ga 'yan sari kafin a canza musu tsari, kwana 30 ga masu layin gida. Sai a 2012 Bell ya daina. Waɗannan fa masu lauyoyi ne.

Saboda haka in za ka sayi layin sari, a rubuta maka a yarjejeniya: mega nawa, naka ne kai kaɗai ko da wasu za a raba, me za a yi maka in an gaza. Layin da ba a rabawa yana da tsada sosai, mai yiwuwa tikitin 'yan ɗaruruwa ba zai mayar maka da kuɗinsa ba. Ɗauki biro ka lissafa kafin ka ci bashi.

Me ya sa da magariba kullum sabis ke lalacewa?

Duk unguwa ta dawo gida, kowa na kallon TikTok a ƙarfen sabis ɗaya. Na riga na faɗa a sama.

Ranar da har bankuna suka tsaya fa?

Ba kai aka nufa ba. Ranar 14 ga Maris 2024 igiyoyin intanet na ƙarƙashin teku huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma. Ƙasashe da dama abin ya shafa, har da Ghana.

Ina zan kai ƙara?

Wurin kamfanin tukuna, ka karɓi lambar ƙorafi ka adana. In sun yi biris, a Najeriya ka kira NCC a 622, kyauta ne. Ka riƙe hotunan gwajin da ka yi masu ɗauke da rana da lokaci. "Wallahi da can yana gudu" ba hujja ba ce.

In na sayi rauta mai eriya shida gudun zai ƙaru?

Wifi zai kai ɗakin baya. Abin da kamfani ke turo maka ba zai ƙaru da ko mega ɗaya ba. Riƙe kuɗinka.