Bauta da Soke Ta a Ƙasashen da Faransa Ta Mallaka

Bauta a ƙasashen da Faransa ta yi wa mulkin mallaka ta faro ne tun ƙarni na 17, lokacin da Faransawa suka kafa gonakin rake a tsibiran Karebiyan, wato Gwadalup da Martinik, daga baya kuma Saint-Domingue, ƙasar da ake kira Haiti a yau. Hukumar Faransa ta soke bauta a 1794, ta dawo da ita a 1802, ta sake soke ta a 1848, amma a Afirka ta Yamma sai a 1905 aka yi dokar da ta taɓa yawancin bayi. Jiragen Faransawa sun kwashe 'yan Afirka fiye da miliyan ɗaya zuwa ƙetaren Tekun Atlantika, kuma birnin Nantes ne kan gaba a wannan fatauci, sai La Rochelle da Bordeaux da Le Havre.

Dokar 1685

A shekarar 1685 Sarki Louis na 14 ya sa hannu a kan dokar da ake kira Code Noir, mai sassa 60. Dokar ta lissafa bawa cikin dukiyar ubangijinsa, ana sayar da shi, ana gādonsa. Ta wajabta a yi wa bayi baftisma a cocin Katolika, ta kuma ɗora wa iyayengiji ciyar da su da tufatar da su, ko da yake ba a cika bin wannan ɓangare ba. Wanda aka fi bi shi ne na horo: bawan da ya gudu har wata guda, a yanke masa kunnuwa a ɗana masa tambarin wuta a kafaɗa, in ya sake, a datse masa jijiyar ƙafa, karo na uku kisa ne.

Haiti da sokewar farko

A 1789, shekarar juyin juya halin Faransa, akwai bayi kusan 500,000 a Saint-Domingue, kuma babu ƙasar da ta kai ta fitar da sukari da gahawa. 'Yan juyin sun yi shelar 'yancin ɗan Adam a Paris, amma ba su ce uffan game da bayi ba. Bayin ne da kansu suka tayar da ƙayar baya a watan Agusta 1791, suka ƙone gonakin arewacin ƙasar. Da wakilin hukuma Sonthonax ya ga Ingila da Sifen na shirin ƙwace ƙasar, kuma ba shi da mayaƙan da zai dogara da su sai baƙar fata, ya yi shelar 'yanci ranar 29 ga Agusta 1793. Majalisar Paris ta bi sahu ranar 4 ga Fabrairu 1794.

Dokar ba ta kai dukan ƙasashen da Faransa ta mallaka ba. Martinik na hannun Ingila a lokacin, masu gonaki a tsibiran Tekun Indiya kuwa suka ƙi ta ƙememe. A 1802 Napoleon ya tabbatar da bauta a inda ba a soke ta ba, ya kuma tura soja suka dawo da ita Gwadalup. Can ne kwamandan masu tirjiya Louis Delgrès da mutanensa suka tarwatsa kansu da albarushi a Matouba maimakon su miƙa wuya. An kama Toussaint Louverture, jagoran Saint-Domingue, ya mutu a kurkukun Fort de Joux a 1803, amma Jean-Jacques Dessalines ya ci sojan Faransa da yaƙi, ya yi shelar 'yancin Haiti ranar 1 ga Janairu 1804. A 1825 Faransa ta tilasta wa Haiti biyan diyyar faran miliyan 150 kafin ta amince da 'yancinta. An rage kuɗin zuwa miliyan 90 a 1838.

Dokar 1848

An hana fataucin bayi ta teku tun 1815, amma sai da dokar 1831 ta tsananta hukunci kafin ya ragu sosai. Bayan juyin Fabrairu 1848 a Faransa, Victor Schoelcher ya jagoranci kwamitin da ya rubuta dokar 27 ga Afrilu, wadda ta 'yanta mutum kusan 250,000. Bayin Martinik ba su jira takarda ta iso ba, sun yi bore ranar 22 ga Mayu, washegari gwamna ya yi shelar 'yanci. A 1849 hukuma ta ware faran miliyan 126 na diyya, kuma masu bayin aka biya, bayin ba su sami ko sisi ba, balle gona.

Afirka ta Yamma

A nan ne aka fi ganin tazara tsakanin doka da aiki. Dokar 1848 ta ce duk bawan da ya taka ƙasar Faransa ya zama ɗa, kuma Saint-Louis da tsibirin Gore a Senegal suna cikin wannan ƙasa. Sarakuna da fatake na maƙwabta suka fusata, ciniki ya fara tsayawa. Sai Gwamna Faidherbe ya ɓullo da dabara: dokar ta shafi 'yan ƙasar Faransa ne kawai, ban da talakawan da aka ci da yaƙi, kuma bawan da ya gudo daga ƙasar sarkin da ke ɗasawa da Faransa a kore shi a matsayin ɗan zaman banza. Ubangijinsa na jiran sa a bakin gari.

Yaƙe-yaƙen mamaya ma da bayi aka yi su. An sayi bayi an sa su soja, kuma hafsoshi kan raba wa sojojinsu fursunonin yaƙi a matsayin ganima. Rundunar hafsoshin Faransa Voulet da Chanoine, wadda ta ratsa ƙasar Hausa ta Nijar a 1899 ta fafata da Sarauniya Mangu a Lugu, ta taho da ɗimbin mata da yaran da ta kama a garuruwan da ta ƙone. Ƙauyukan da aka kafa a ƙasar Mali ta yau tun 1887 da sunan "garuruwan 'yanci" kuwa, an gina su ne kusa da barikoki don a riƙa samun 'yan dako da leburori.

A 1905 bayin garin Banamba, a ƙasar Mali ta yau, suka tattara ya-nasu-ya-nasu suka kama hanyar ƙasashensu na asali. A ranar 12 ga Disamba na shekarar, lokacin Gwamna-Janar Ernest Roume, aka yi dokar da ta haramta bautar da mutum da sayar da shi da bayar da shi kyauta. Ba ta ce an 'yanta waɗanda ke hannu ba, sai dai kotuna sun daina mayar da bawan da ya tafi. Cikin 'yan shekaru ɗaruruwan dubban bayi suka bar iyayengijinsu. A yankunan makiyaya na Sahara, inda hukuma ke buƙatar shugabannin Abzinawa da na Larabawan Muritaniya, an kawar da kai.

Hukumar mallaka da kanta ta maye gurbin bauta da aikin tilas. Ana ɗibar mutane ta hannun sarakuna zuwa gina hanyoyi da layin dogo da gonakin ban-ruwa na Office du Niger a ƙasar Mali ta yau, kuma dubbai sun mutu a aikin layin dogo na Kongo tsakanin 1921 da 1934. Dokar da Félix Houphouët-Boigny, wakilin Kodebuwa a majalisar Faransa a lokacin, ya gabatar ce ta hana wannan, ranar 11 ga Afrilu 1946.

Bayan mulkin mallaka

Faransa ta ayyana bauta da fataucin bayi a matsayin laifi ga bil'adama da dokar Taubira ta 2001. Muritaniya ta soke bauta a 1981, ta mai da ita laifi a 2007. Nijar ta sa hukuncinta cikin dokar laifuffuka a 2003, bayan fafutukar ƙungiyar Timidria da aka kafa a 1991. A watan Oktoba 2008 kotun ECOWAS ta sami gwamnatin Nijar da laifin kasa kare Hadijatou Mani, wadda aka sayar tana 'yar shekara 12, ta umarci a biya ta diyyar jaka 10,000, wato sefa miliyan 10.