Yadda ake ba da maki a gasar lissafi ta Olimfiyad

Ɗalibin lise a Maraɗi ya saba da maki bisa 20. Malam ya duba takarda, ya ba da rabin maki nan, maki ɗaya can, a tara a samu 11 ko 12, yaro ya tsallake. Gasar lissafi ta duniya, wadda ake kira IMO, ba ta tafiya a kan wannan tsari, kuma duk malamin da ke shirya yara domin irin wannan gasa ya kamata ya san dokokinta tun kafin ya ɗauki alli.

An fara gasar a Romaniya a shekarar 1959. Kowace ƙasa tana tura ɗalibai da ba su wuce shida ba, waɗanda ba su kai shekara 20 ba kuma ba su shiga jami'a ba. Ana zama kwana biyu, kowace rana tambaya uku cikin awa huɗu da rabi. Ba a shiga da na'urar lissafi, ba a shiga da ma'aunin kusurwa. Biro, fensir, rula da kamfas na zana da'ira kawai. Ana fassara tambayoyin zuwa harshen da ɗalibi ya nema, saboda haka ɗan Nijar zai karanta su da Faransanci. Wanda bai gane wata kalma a tambaya ba yana da damar tambaya a rubuce cikin minti 30 na farko. Nahiyarmu ma tana da tata gasar, PAMO, wadda aka fara a Maroko a 1987, ita ma tambaya shida ce.

Kowace tambaya maki 7 gare ta, jimilla 42. Abin da ake auna shi ne hujja. A ce tambayar ita ce: nuna cewa idan aka ninka lambobi biyu masu bin juna, sakamakon yana rabuwa gida biyu babu saura. (Wannan ta yi sauƙi ƙwarai ga gasar, na kawo ta ne domin a ga tsarin.) Yaro na farko ya rubuta 3 sau 4 goma sha biyu, 7 sau 8 hamsin da shida, ya cika shafi da misalai, duk daidai. Sifili zai samu, domin misali dubu bai rufe ƙofar lambar da bai gwada ba. Yarinya ta biyu ta rubuta layi biyu: cikin kowace lamba biyu masu bin juna, dole ɗaya tana rabuwa gida biyu, don haka abin da suka haifar ma haka yake. Ita ce mai 7.

Masu duba takardu sukan fara da tambaya ɗaya: an warware matsalar ko ba a warware ba? In an warware, sai a soma daga 7 a rage maki ɗaya ko biyu saboda ƙaramin giɓi. In ba a warware ba, a soma daga sifili a ƙara kaɗan saboda wani mataki mai muhimmanci da aka taka. Shi ya sa maki 3 da 4 ba su cika yawa ba. Kuma ba mutum ɗaya ke yanke hukunci ba: shugaban tawagar ƙasa da mataimakinsa suna duba takardun yaransu, sannan su zauna da alƙalan ƙasar da ta karɓi baƙunci, su bi layi bayan layi har a daidaita.

Lambar yabo ba ta da ƙayyadadden maki, kowace shekara ana yanke iyaka ne gwargwadon wuyar tambayoyin. Kusan rabin mahalarta ke samu, zinare da azurfa da tagulla bisa kason 1, 2, 3. Akwai wata doka da nake so ƙwarai: wanda bai samu lamba ba amma ya kammala tambaya ɗaya da maki 7 cif, ana ba shi takardar yabo. Wanda ya tsinci maki ɗai-ɗai a tambaya shida ba ya samun komai.

Abin da wannan ke nufi ga ajin lissafi a Lise Ɗan Baskore ko wata makaranta a Tasawa da Madarunfa shi ne a canza salon atisaye. A ba yaro tambaya ɗaya ya kwana da ita, gobe ya hau allo ya kare kowane layi, 'yan ajinsu suna cewa "daga ina ka samo wannan?" Fannonin gasar huɗu ne: aljabra, jometiri, ilimin lambobi da dabarun ƙidaya. Biyun ƙarshe ba su samun wuri sosai a shirin jarrabawar bak, don haka sai malam ya keɓe musu lokaci, ko da yammacin Asabar ne.