Birkin tsohuwar mota: me ake gyarawa, me ake yarwa?

Mai son tayar da Peugeot 404 ko 504 da ta yi shekaru a kafe a wani gida a Yamai, inji da fenti yake fara tunani. Makanikai kuwa birki suka fi tsoro.

Jikin motar ba tsatsa, me zai lalata birkinta tana ajiye?

Tsatsar birki daga ciki take ci. Man birki irin DOT 3 da DOT 4 yana shan danshin iska, ko a ƙasa busasshiya irin tamu. Ruwan sai ya ci ƙarfen babban silinda da ƙananan da ke ƙafafu, ya bar ramuka. Ga kuma saurin tafasa: ƙa'idar sabon DOT 4 ita ce ya jure zafin digiri 230, wanda ya sha ruwa kuwa 155 kawai. In ya tafasa a zafin Afirilu bisa hanyar Dosso, kana taka birki ƙafarka za ta nutse har ƙasa.

Canja robobin ciki bai isa ba?

Sai an buɗe an haska. In dauɗa ce da ɗan dusashewa, a goge cikin silindan ya yi sumul, a sa sababbin robobi. In farce yana maƙalewa a rami, sabuwar roba ma yoyo za ta yi; ko dai a sayi sabon silinda, ko mai injin sassaƙa ƙarfe ya faɗaɗa ramin ya cusa hannun bakin ƙarfe marar tsatsa ko na tagulla. A nan ba na son rowa, domin yawancin motocin wancan zamani layin mai ɗaya ke ciyar da ƙafafu huɗu. Wuri ɗaya ya fashe, duka sun tafi.

A wanke da fetur ko gazuwal?

A'a, suna kumbura robar. Man birki mai tsabta ko alkol.

Tiyon roba fa, in bai tsage ba?

A canja shi. Yakan rufta ta ciki alhali waje lafiya lau, mai ya tafi ya kasa dawowa, ƙafa ta riƙe tana zafi. Da yawa sukan ɗora wa silinda laifin.

Kayan kasuwar Katako ta Yamai za su yi?

Ƙarfe yana yi, in an buɗe an duba kafin a biya. Roba kuwa ko a kwalinta take, in ta daɗe a rumfa ta bushe.

Wane mai za a zuba?

DOT 4 ya wadatar da Peugeot, a riƙa canja shi duk shekara 2. DOT 5 na silikon ne, ba ya haɗuwa da sauran. Mai Citroën DS ya duba tukuna: daga 1966 sun koma koren mai LHM, wanda robobinsa daban ne. Wajen fitar da iska daga layin birki a fara da ƙafar da ta fi nisa da babban silinda, kuma a rufe jikin motar da tsumma, don man birki yana cin fenti.